Alewa Mai Kusurwa Uku

Hasken hantsi ya ratsa kwalbar alewa da ke kan kanta, ya zuba ja da kore a hannun dattijon da ya tsaya yana leƙe.

"Baba, me za a ba ka?" in ji mai shagon.

"Wata alewa nake nema, 'yata. Yayata ce kwance, kwana uku ba ta cin komai, ita kaɗai take ambata. Shago na huɗu ke nan."

"Mene ne sunanta?"

"Mu dai haƙorin ɓera muke ce mata a gida. Ja ce, 'yar mitsitsiya, mai kusurwa uku. Ranar biki Inna kan jera mu a tabarma, ta ce kowa ya rufe ido ya buɗe baki. Ba a taunawa. Tsotsa ake yi har barci ya kwashe mutum."

Ta yi dariya. "Kai Baba, ni ban taɓa ganin irinta ba! Ku nawa ne?"

"Mu shida."

Dariyar ta tsaya. Ta ciro wata ja, faffaɗa, zagayayya, ta danna mata wuƙa, ta raba ta gida shida.

"Wannan ce?"

Ya daɗe yana kallo. "Ashe guda ɗaya Inna take samowa," ya ce a hankali. "Shi ya sa muke rufe ido."

"Ɗauki, Baba, ka kai wa Yaya. Allah ya ba ta lafiya."

Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙulle a hankici, ya fita.