Tukunya a Ƙarƙashin Farin Daɓe

CHIZURU: Halo? Baba, kai ne?

BABA: Ni ne.

CHIZURU: Ina wuni, Baba.

BABA: Lafiya.

CHIZURU: Ya zafi a Kokura? An ce naku ya fi namu na Tokyo bana.

BABA: Akwai zafi.

CHIZURU: Kana dai shan ruwa ko? Ka kunna na'urar sanyi?

BABA: Fanka ta isa.

CHIZURU: Ya gwiwa?

BABA: Tana nan inda take. Ya mijinki?

CHIZURU: Yasunori lafiya lau, yana wurin aiki. Nagisa ma tana gaishe ka, ta ce yaushe Kaka zai koyi buɗe hoto a waya.

BABA: Ina amsawa.

CHIZURU: Ya jikin Mama? Ka je asibitin yau?

BABA: Na je. Da sauƙi. Ta taka daga gado zuwa taga.

CHIZURU: Da sanda?

BABA: Da sanda. Likita ya ce karayar ƙugun ta kama. Asabar za su sallame ta.

CHIZURU: To madalla. Ni fa da na ga lambarka sai da gabana ya faɗi. Rabon da ka kira ni da kanka tun haihuwar Nagisa.

BABA: Uhm.

CHIZURU: Amma ka kira a kan gaɓa. Ina cikin shagon kayan gida yanzu haka, a hawan ƙasa, in ka ji muryata tana yankewa shi ne. Kayan ƙawata sabon kicin ɗinku nake zaɓa. Ka gan shi dai da aka gama? Ya yi kyau?

BABA: Fari ne.

CHIZURU: Na san fari ne, ni na zaɓa. Ya yi kyau nake tambaya.

BABA: Kamar ɗakin da uwarki take kwance.

CHIZURU: Haba Baba. Ai don ba a sa masa komai ba tukuna. Malama Kuroki, mai tsara ɗakin, ta ce farin kicin in aka bar shi haka sai ya yi sanyi a ido, dole a sa masa abin da zai ɗumama shi. Katako, ta ce, da ganye, da ɗan ƙarfe mai ruwan zinare. Kala uku, kada a wuce. Shi ya sa aka yi kanta ɗaya ta katako a buɗe, aka sa famfon tagulla. Ka ga fitilun da ke ƙarƙashin kabad?

BABA: Suna kunna kansu in na wuce.

CHIZURU: Haka aka yi su.

BABA: Na ɗauka sun lalace.

CHIZURU: To yanzu ga kwalabe a hannuna, iri ɗaya guda shida, na shinkafa da gishiri da ganyen shayi. Akwai masu murfin katako, akwai masu farin murfi. Wanne Mama za ta fi so?

BABA: Ƙofofin kabad ɗin ba su da mariƙi.

CHIZURU: Dannawa ake yi, sai su buɗe. Na faɗa maka sau uku.

BABA: Jiya da gwiwa na jingina, durowa ta fito ta buge ni.

CHIZURU: Za ka saba. Kuma akwai wata 'yar tukunyar ganye da zan ajiye a taga, da tawul biyu masu ruwan toka, da… Baba? Kana jina?

BABA: Tukunyar tana ƙasa.

CHIZURU: Ban saya ba tukuna, tana kan kanta.

BABA: Ta uwarki. Tukunyar dusa.

CHIZURU: Tsaya in matsa kusa da matakala, ba na jinka sosai. Ka ce tukunyar dusa me?

BABA: Tana ƙarƙashin daɓe.

CHIZURU: Wane daɓen?

BABA: Sabon.

CHIZURU: Ban gane ba. Tukunyar da Mama take binne kokwamba da gauta a cikin dusar shinkafa su yi tsami? Ba ka tafi da ita gidan Goggo Michiyo ba da aka fara aikin?

BABA: Goggonki ba ta son warin. Kuma gidanta zafi. Na bar ta a raminta na ƙasan kicin, inda take zaune tun da muka gina gidan. Kullum da yamma in masu aiki sun tashi sai in zo in ɗaga murfin, in sa hannu in juya dusar har ƙasa, in lallaɓe samanta, in share bakin. Yadda uwarki ta nuna mini.

CHIZURU: Sai aka yi yaya?

BABA: Alhamis na zo, ba murfi. Farin katako daga bango zuwa bango.

CHIZURU: Alhamis? Yau fa Laraba.

BABA: Na san kwanaki.

CHIZURU: Kwana shida, Baba. A zafin nan ko kwana biyu aka yi ba a juya ta ba sai ta fara tashi. Me ya sa ba ka yi magana ba?

BABA: Na ɗauka za su yanke wurin murfin washegari.

CHIZURU: Da ba su yanke ba fa?

BABA: Suna ta fama da kabad, gumi har ƙasa. Ba a tsayar da mutum yana tsakar aikinsa. Na ce bari su gama. Asabar suka gama, suka share, suka jeru a ƙofa suka sunkuya mini. Babbansu ya ce ko akwai abin da bai yi mini ba.

CHIZURU: Ka ce masa me?

BABA: Na ce sun gode.

CHIZURU: Sun gode ko ka gode?

BABA: Oho. Na dai sunkuya.

CHIZURU: Baba… Tsaya. Sun kira ni ranar Alhamis ɗin. Babban nasu ya ce akwai tarkace a ramin, tsofaffin kwalabe da wani abu a ɗaure cikin zane, ko su fitar. Ina cikin taro a ofis. Na ce su bar su, su rufe kawai.

BABA: Zanen ni na ɗaura. Saboda ƙura.

CHIZURU: Ni na ce a toshe ramin gaba ɗaya. A bakin murfin nan fa Mama ta yi tuntuɓe ta karye. Malama Kuroki ma ta ce daɓe in ya tafi sumul ba yanka ya fi faɗi a ido, kuma mai sanda ba za ta… Ban san tana ciki ba, Baba.

BABA: Ban ce kin sani ba.

CHIZURU: Bari in kira su yanzu.

BABA: Na kira. Na'ura ce ke amsawa. Hutun Obon ne, kowa ya tafi garinsu share kabarin iyaye. Sai Litinin.

CHIZURU: Malama Kuroki fa?

BABA: Tana wurin danginta a tsibirin Amami. Yarinyar ofis ta ce za ta rubuta saƙo.

CHIZURU: Ta waje fa? Ba a iya shiga ƙarƙashin gidan ta baya?

BABA: Na zagaya. Ramukan shan iska ne kawai, kyanwa ma sai ta rage ciki. Mashigar ɗaya ce, ita kika rufe.

CHIZURU: To ka nemi wani kafinta a unguwa. Tsoho Hirotsu?

BABA: Ya rasu bara. Kin aiko da furanni.

CHIZURU: Haka ne. Ɗansa fa?

BABA: Inshora yake sayarwa.

CHIZURU: Wataƙila ba ta mutu ba. Ramin akwai sanyi. Na taɓa ji an ce in saman ya yi fumfuna sai a kwashe, a ƙara gishiri, na ƙasan ya farfaɗo. Zuwa Litinin…

BABA: Kwana goma sha ɗaya kenan.

CHIZURU: Kana jin wari?

BABA: Na kwanta na sa hanci a daɓen. Warin gam kawai. Da ƙyar na tashi, ba abin kamawa a ɗakin nan.

CHIZURU: Kada ka sake kwanciya a ƙasa kai kaɗai, don girman iyayenka. Saurara. A kasuwa ana sayar da tsohuwar dusa, wasu ma suna cewa tasu ta shekara ɗari. Ka sayo, ni kuma ga wata farar roba a nan mai murfi, an yi ta daidai firji, ba wari, ba sai an sunkuya ba. Ta ma fi dacewa da kicin ɗin.

BABA: Uwarki za ki ba dusar wata mata?

CHIZURU: Na ɗan lokaci.

BABA: Ranar da Goggonki ta juya mata sau ɗaya, da muka je biki, sati biyu tana cewa ɗanɗanon ya canza. Hannun mutum ɗaya. Ke kina maganar kasuwa.

CHIZURU: To me zan ce, Baba?

BABA: Daga hannun kakarki ta fito. Ita ma daga uwarta. Lokacin yaƙi a goye aka gudu da ita, aka bar barguna.

CHIZURU: Na san labarin.

BABA: Wata ɗaya kawai aka bar mini ita.

CHIZURU: Mama ta sani?

BABA: Kullum in na shiga sai ta ce, ka juya? In ce na juya.

CHIZURU: Har yau?

BABA: Yau ba ta tambaya ba. Nas na gyara mata matashi, sai ta miƙo hannu ta kama nawa. Na ɗauka tashi za ta yi. Sai ta kai shi hancinta.

CHIZURU: Wayyo.

BABA: Mai juya dusa ko ya wanke da sabulu sai an ji. Ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta ajiye mini shi a kan bargo.

CHIZURU: Ta yi faɗa?

BABA: Da ta yi da ya fi. Tambaya ta yi, kwana nawa. Na faɗa. Na faɗa mata daɓen ma.

CHIZURU: Ta ce me a kaina?

BABA: Ta ce kin yi don ƙafarta ne. Ta kalli taga. Can sai ta ce ba komai, ai ba a ajiye irin wannan a gida ɗaya, shi ya sa ake raba wa 'ya'ya mata. Ta ce in kira ki.

CHIZURU: Ni?

BABA: Dusar da ta ɗibar miki ranar aurenki. Ta ce in za ki zo Asabar ki ɗebo cikin hannu biyu a leda, ya isa ta tayar da sabuwa. Har ta yi dariya, ta ce 'yar za ta haifi uwar. Ta ci abincinta duka yau.

CHIZURU: …

BABA: Halo? Layin ne?

CHIZURU: Ina jinka.

BABA: Ki sa ta a tsakiyar kaya, kada rana ta taɓa ta a jirgin ƙasa.

CHIZURU: Baba.

BABA: Na'am.

CHIZURU: Babu ita.

BABA: Ban ji ba.

CHIZURU: Ka ji. Ta mutu. Lokacin da nake da cikin Nagisa ba na iya jin warin, Yasunori kuma ba ya dawowa da wuri. Na tura ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke na ce sai na ji sauƙi. Da na buɗe ta yi baƙi. Na zubar.

BABA: Nagisa shekararta nawa?

CHIZURU: Goma sha ɗaya.

BABA: Duk bazara uwarki tana tambayarki.

CHIZURU: Ina cewa tana lafiya.

BABA: Bara kin ce gauta ta yi miki daɗi.

CHIZURU: A shago na saya.

BABA: Har barkono take aiko miki da shi, da busasshen ganyen teku, na zubawa a dusar. Ni nake kai wa gidan waya.

CHIZURU: Suna nan a durowa. Ban taɓa iya faɗa mata ba. Kullum sai in ce in na je gida zan ɗebo wata a ɓoye, in na zo kuma tana tsaye a kicin.

BABA: Uhm.

CHIZURU: Ka ce wani abu mana.

BABA: Na riga na ce mata to.

CHIZURU: Zan taho gobe, in faɗa mata da bakina.

BABA: Ba kujera a jirgi sai Asabar. Ke kika ce.

CHIZURU: Zan tsaya a tsaye. Awa biyar ne.

BABA: Ki zo ki yi me? Ki tsaya kusa da ni mu kalli daɓe?

CHIZURU: To ban sani ba, Baba. Ban san abin da zan yi ba. Ga ni tsaye da kwalabe shida a kwando, mutane suna kallona.

BABA: Taku huɗu ne daga ƙofar baya. Ɗaya zuwa hagu.

CHIZURU: Me?

BABA: Murfin.

CHIZURU: Menene wannan ƙarar? Me kake ja?

BABA: Akwatin aikina.

CHIZURU: A'a, Baba, saurara. Akwai bututun ruwan ɗumi a shimfiɗe ƙarƙashin katakon nan, na lokacin sanyi, don ƙafar Mama. Sun bi ko'ina. In ka fasa ɗaya ruwa zai cika ɗakin, kuma ba mai zuwa sai Litinin.

BABA: Sun bi ta kan murfin?

CHIZURU: Ban sani ba. Takardar zanen tana wurin Malama Kuroki.

BABA: To.

CHIZURU: Shekararka saba'in da tara. In ka durƙusa wa zai ɗaga ka? Ka jira ko Goggo ta zo. Kuma ko ka buɗe, wataƙila ta riga ta…

BABA: Wataƙila.

CHIZURU: Baba, Asabar fa Mama za ta taka daɓen nan da sanda.

BABA: Sai ta zagaye. Tunda kina shago, ki sayo tsumma. Da yawa.

CHIZURU: Baba, don Allah ka ajiye gudumar mu yi magana.

BABA: Wayar zan ajiye. Hannu biyu nake so.

CHIZURU: Baba? Halo? Baba…