Goron da Ban Ci Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, mai riƙe da numfashin kowa. Sunana Saratu, matar marigayi Dauda, daga wani ƙauye kusa da Malikanchi. Ban san rubutu ba. Ni ke faɗa, Malama Rifkatu ta zumuntar mata tana rubutawa. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya ci ƙarfina.

Tun muna da ƙuruciya ni da maigidana muke cin goro. Shi ke sayowa ranar kasuwa, ya ɓare, ya miƙo mini rabi. Ni kuma na haɗa da furen taba da mata ke goga wa haƙora su yi ja. Don haka jan yawu ba baƙo ba ne a gidanmu. Haƙoransa suka soma girgiɗi, har rake ya gagare shi, mutumin da noman rake ne sana'arsa. Muka ce tsufa ne. Bakinsa ya riƙa wari irin na tsohuwar rijiya. Wa zai gaya wa maigida bakinsa na wari?

Shekarar da murar nan mai sarƙe numfashi ta shigo, mutane da yawa sun kwanta sun tashi. Maƙwabcinmu Malam Idi ya girmi Dauda, amma ya tashi. Dauda bai tashi ba. A cinyata ya cika, yana neman iska kamar kifi a tudu. Wayyo Dauda!

Daga ranar na bar goro. Ba mai ɓare mini.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata rana da tsakar rana ina gindin rumbu ina ɓarar gyaɗa. Kowa na gona, gari tsit, ko kaza ba ta motsi. Sai na ji warin bakin Dauda, dab da fuskata, kamar ya sunkuyo zai yi mini raɗa. Na waiga, ba kowa. Na wanke tufafinsa, na ƙone tabarmarsa, warin na nan. Har majami'a ya bi ni. Da na buɗe baki zan yi waƙa, sai ya iso.

Ran nan Lami, matar Malam Idi, ta shigo ɗibar wuta. Na tofa yawu, ta ga ya yi jawur a ƙasa.

Ta ce, "Kai, Iya Saratu, rowa! Kin koma goro, ko ɗan ɓare ba ki sam mini ba?"

Na ce, "Lami, tun da aka kai maigidana kabari ban sa goro a bakina ba."

Dariyarta ta tsaya cak. Ta ce, "Innalillahi. To wa ke ba ki?"

Ba a daɗe ba mura ta kama ni, ta gangara ƙirji, irin ta Dauda sak. Masu zuwa dubiya suna fita suna raɗa, "Mijinta ne ke kiranta." Ni ma na yarda. Har na ninke zanen da nake so a rufe ni da shi.

Wata safiya numfashi ya ƙi shiga. Na rarrafa bakin ƙofa, na durƙusa, na ce, "Yesu, in kai ke kirana, ga ni. In ba kai ba ne, ban amsa ba. Ka nuna mini mai kiran!" Ban rufe baki ba sai ga sallamar Malam Idi, ya zo da mai mota. Ya ce, "Ko kina so ko ba ki so, yau asibiti za ki."

A can wata nas ta haska bakina da tocila. Ta ce, "Mama, wannan ja jini ne da mugunya. Dasashinki ya ruɓe. Warin da kike ji daga bakinki yake fitowa." Ta ce ƙwayoyin cutar da ke zaune a ruɓaɓɓen dasashi mutum na shaƙar su zuwa huhu, in muguwar mura ta zo sai ta tarar da jiki ya riga ya gaji.

Na ce, "'Yata, abin da ya kashe maigidana ke nan?"

Ta ce, "Ban gan shi ba, Mama, ba zan rantse ba. Amma masu irin wannan baki, murar ta fi kayar da su."

Na yi kuka har gadon yana rawa. Jininsa muke gani kullum a tsakar gida, muna cewa goro ne!

Suka sa mini iska a hanci, suka ba ni magani. Da ƙirjina ya sake, aka cire ruɓaɓɓun haƙora, aka wanke sauran. Yanzu safe da yamma ina goge baki, ina kurkurewa da ruwan gishiri. Warin ya tafi. Halleluya!

'Yan'uwa, ku dubi yawunku da safe kafin ku sa goro. In kun ga ja, ku je asibiti, ku tafi da mazajenku ko suna faɗa. Ku dogara ga Ubangiji, yana jin muryar gwauruwa. Na gode masa da ya nuna mini Dauda bai taɓa kirana ba. Yana hutawa a wurin Yesu, numfashi ba ya yi masa wuya kuma. Ranar da Mai kira na gaskiya zai kira ni, zan amsa ba tsoro. Amin.