Saƙon da Alhaji Isufu bai buɗe ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Habibu, ɗan Kano, ina aiki a ofishin tura kaya a Port Saeed, Dubai.

Shekara uku ke nan matata Rabi tana fama da ciwon jijiyoyi da likitoci ke kira MS. Ƙafafunta zugi suke kamar an zuba musu garwashi, ko zane ya goge ta sai ta yi ƙara. Yayanta da ke Kanada ya ce can likita yana rubuta wani maganin fesawa a baki da ake haɗawa da wiwi. Na ce ya aiko, ban tsaya tambayar dokar ƙasar nan ba.

Maƙwabcinmu a unguwar Al Ras, Alhaji Isufu mutumin Maraɗi, ya je Kanada ganin ɗansa, sai aka ba shi saƙon. Kun san halinmu, buɗe saƙon mutum abin kunya ne. Bai buɗe ba, ni ma ban gaya masa abin da ke ciki ba. A filin jirgin Dubai aka buɗe. A nan, wiwi wiwi ce, ko da takardar likita. Watansa biyar a tsare.

Da na je duba shi, na kasa ɗaga kai. Ya ce, "Malam Habibu, khalas, shi ke nan, ƙaddara ce. Ya jikin Hajiya?"

Rabi ta ce zugin ya fi mata sauƙi a kan jin muryar matarsa tana kuka ta bango.

Likitoci masu sauraro, wane magani doka ta yarda mu nema? Malamai kuma, yaya ake neman gafarar wanda ya riga ya yafe?