Madam Hamida Mai Mangazar Littattafai

Jawabin da Sharifu Na Allah Korgom ya yi a madadin ɗalibai, ranar sadakar arba'in ta Hajiya Hamida, a ƙofar ɗakin karatunta da ke Tasawa. Ɗalibai suka ɗauka a waya, suka rubuta.

Da sunan Allah mai rayawa, mai kashewa, wanda shi kaɗai ba ya mutuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wakilin Mai Martaba Sarki, Allah shi ja zamanin Sarki. Wakilin Perfe, shugaban gundumar Tasawa, da takwaransa da ya taso daga Mayahi. Limamanmu, Allah shi gafarta maku. Shugabannin lakkwal, wato makarantun boko, da malaman jami'a da suka yi sammako daga Maradi da Damagaram. Babanmu Alhaji Ƙadri, mijin marigayiya. Rahma, ɗiyarta, da dukan dangi na nan da na Mayahi. Iyayenmu mata da ke cikin gida suna saurare ta lasifika. Ƴan uwana ɗalibai, na jiya da na yau. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ban ga ko ɗayanku ba. Faɗa mani aka yi wanda ke nan da inda yake zaune, saboda haka in na tsallake wani babba a yi mani afuwa. Sunana Sharifu, mutumin Korgom. Makaho ne ni, kuma ina da lisansi, wato digirin jami'a, a fannin shari'a. Yadda waɗannan abubuwa biyu suka haɗu a jikin mutum guda, shi ya sa ƴan uwana suka ce ni zan tsaya in yi magana da bakinsu.

Ga baƙin da ba su san ta ba, Madam Hamida haifaffiyar Mayahi ce. Ta yi aikinta kaf a ɗakin karatu na jami'a a Yamai, tana jera littattafai, tana ba da aro, tana nuna wa ɗalibi inda zai sami abin da yake nema. Da ta ajiye aiki ta biyo mijinta gida Tasawa. Ranar da motar kayanta ta iso, maƙwabta sun fito su taya sauke gadaje da kwanuka, sai suka tarar da kwalaye, kwali bisa kwali, kowanne sai ƙato biyu sun ɗaga. Littattafai ne, da memuwar na tsofaffin ɗalibai, wato kundin binciken da ɗalibi ke rubutawa kafin a ba shi difloma.

Mun taɓa tambayar ta abin da ya hana ta hutawa. Ta ce mana: "Shekara da shekaru ina zaune bayan tebur ina kallon ɗiyanmu na ƙauye. Yaro ya ci bak, jarrabawar ƙare sakandare, da guminsa, ya zo jami'a, ya tsaya bakin ƙofar bibliyotek, ɗakin karatun, yana leƙe, yana zaton sai ɗan wani ke shiga. Kafin ya gane tasa ce, shekara ta ƙare, ya faɗi. Sai a ce ba shi da kai. Kai gare shi, ƙofa ce ba a nuna mashi ba."

Alhaji Ƙadri ya kwashe gyada da wake daga mangazarsa, ɗakin ajiyar amfanin gona, aka share, aka kafa kantoci, aka ɗora farantin hasken rana bisa rufi saboda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Ita ce wannan da muke zaune ƙofarta. Har yau ba wanda ke ce mata bibliyotek. Mangazar Madam muke cewa.

Ta kasance, da sakamakon bak ya fito, tana aikawa a tattaro mata waɗanda suka ci, daga Tasawa da Mayahi da ƙauyukan da ke tsakani, ɗan manomi da ɗan makiyayi. Kafin mu hau motar jami'a sai mun zauna gabanta ta koya mana yadda ake neman littafi, da yadda ake kama darasi a rubuce lokacin da malami ke gudu da magana cikin ɗaki mai cike da jama'a, da yadda ake bincike a ordinater, wato kwamfuta, da yadda ake tsayar da malami a yi mashi tambaya ba tare da tsoro ba.

Ta kasance ba ta rubuta wa kowa ko layi guda. In ka kawo mata aikin da ka kwaso daga intanet ka liƙa sunanka, ba ta zagin ka. Cewa take: "Karanta mani da ƙarfi. To, madalla. Yanzu kife takardar ka faɗa mani da Hausa." Akwai manyan ma'aikata a wurin nan da suka yi zufa a wannan kujera, ina jin dariyarsu daga nan.

Ta kasance mai faɗa, kada mu ɓoye. Hannun da ya taɓa ƙosai ba ya taɓa littafinta. Amma wadda ta kore ka ka je ka wanke hannu, ita ce in ka dawo za ta tambaye ka ko ƙosan ya ishe ka.

Ni ma ta nan na bi. Ni ne na farko a gidanmu da ya ci bak, na tafi karatun shari'a. Ina shekara ta biyu rubutu ya fara yi mani hazo. Na ɗauka gajiya ce. Na koma layin gaba, daga baya na koma roƙon abokai su karanta mani allo. Lokacin da na je wurin likitan ido a Maradi, ya duba ya daɗe, ya ce ciwon ya riga ya ci jijiya, abin da ya tafi ba ya dawowa, ragowar ma tana kan hanya. Kafin damina ta faɗi ban iya bambanta fuskar mahaifiyata da ta maƙwabciya.

Na koma Korgom na shiga ɗaki. Na aika wa abokaina su raba littattafaina, na kashe waya. Mutanen gida suna fita gona da safe, ni ina kwance ina jin ƙarar hauya daga nesa, ba ni ga boko ba ni ga noma. Mahaifina, Malam Na Allah, yana nan zaune cikinku, ba ya ce mani komai sai "Haƙuri, Sharifu." Amma ina jin yadda muryarsa take karyewa.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, sai na ji moto, wato babur, ta tsaya ƙofar gida, na ji sallamar mace. Madam ce. Mace mai shekaru fiye da sittin, mai ciwon gwiwa, ta hau bayan kabu-kabu ta biyo rairayi da taɓon damina, don ta tambayi abokaina ina nake an gaya mata. Aka yi mata shimfiɗa a zaure, aka fito da ni.

Bayan gaisuwa ta ce wa mahaifina: "Malam, na zo biko. Ɗalibina ya yi yaji."

Mahaifina ya ce: "Hajiya, ai kin ga yadda Allah ya yi. Karatu da ido ake yin sa."

Ta ce: "Allah gafarta Malam, kai da ka haddace izu nawa, da ido ka fara ko da kunne?"

Ya ce: "Da kunne, a bakin malamina."

Ta juyo wurina. "Sharifu, likita ya ce wani abu game da kunnenka?"

Na ce a'a, Madam.

"Game da kanka fa?"

Na ce a'a. Na ce mata amma wa zai zauna ya karanta mani littattafan shari'a, ga su kamar tubali? Ta ce wannan ba matsalata ba ce, tata ce. Ni dai in kunna wayata.

Jama'a, abin da ta yi ke nan. Ta koma Tasawa ta zauna ta buɗe littafin dokokin farar hula, ta fara karantawa tana ɗauka a waya, shafi bayan shafi. Da ta ga aikin ya fi ƙarfin maƙogwaro guda, ta tara ɗaliban da suka zo bakansi, wato dogon hutu, ta raba masu babi-babi. Wanda ya yi sauri ko ya haɗiye kalma, sai ya sake. Ana zuba muryoyin a ɗan katin waya, direbobin kasuwa su kawo mani Korgom. Daga baya ta sa aka koya mani yadda waya ke karanta rubutu da kanta. Amma ni nata karatun na fi so. A cikinsa ina jin zakaran gidansu yana cara, ina jin ana daka a maƙwabta, ina jin Baba Ƙadri ya yi sallama ta ce mashi "Alhaji, dakata, muna cikin aya." Wani wurin sai ta tsaya ta ce: "Sharifu, nan ni ma ban gane ba. Kada ka wuce shi, ka tambayi malaminka."

Ita ta raka ni jami'a, ta zauna da shugabannin sashenmu, ta nemi a ba ni jarrabawa da baki ko a ba ni mai rubuta mani. Suka duba, suka yarda, Allah shi saka masu. Na koma aji.

Kada ku zaci daga nan komai ya miƙe. A shekarar na faɗi. Na kira ta ina kuka, na ce na wahalar da ita da mutane a banza, a bar ni haka. Ba ta lallashe ni ba. Ta ce: "Masu ido nawa suka faɗi tare da kai?" Na ce da yawa. Ta ce: "To kai ma ɗalibi ne kamar kowa, ka faɗi kamar kowa, za ka maimaita kamar kowa. Wace matiyar ce cikin darussan ta kayar da kai? Gobe za mu sake ta daga farko." Muka sake. Na wuce, na ƙare, yau ina aiki a Maradi ina ba mutane shawara kan shari'ar gona da gado. Muryoyin nan kuma ba su tsaya a kaina ba. Akwai makafi ƴan uwana a lise, wato sakandare, da jami'a da ke karatu da su yanzu, waɗansu ba su taɓa haɗuwa da ita ba, amma in ta yi tari a cikin karatu sun san tarinta.

Baba Ƙadri, mu ne muka hana ka mangazarka, muka hana ka cin abinci kan lokaci, muka cika maka ƙofar gida da hayaniya, ba ka taɓa ɗaure mana fuska ba. Ladan nan da kai a ciki. Ka yi haƙuri, Baba. Rahma, ke kaɗai ta haifa, amma ba ki taɓa samun ta ke kaɗai ba. Kin yi kawaici, kin bar mana ita. Ki sani kina da ƴan uwa a kowane ofis da kowane ƙauye na ƙasar nan, kuma ranar da kika kira, ba za ki kira sau biyu ba.

Ciwon ajalinta ya same ta tana duba aikin wata ɗaliba, Jummai, ƴar makiyaya daga Hawandawaki, wadda ta yi bincike kan rabon ruwan rijiya tsakanin manoma da masu dabbobi. Har a gadon asibiti ta sa Rahma ta riƙe mata takardun tana nuna inda za a gyara. Allah ya karɓi abarsa kafin ranar da Jummai za ta kare aikinta gaban malamai.

Makon jiya Jummai ta tsaya gabansu, ta amsa tambayoyinsu, suka ba ta sakamako mai kyau. Ta fito da gudu, murna ta ɗebe ta, ta ciro waya ta danna lambar Madam kamar yadda ta saba. Sai da ta ji muryar namiji ta tuna. Ta fashe da kuka tana cewa: "Baba, ka yafe mani, mantawa na yi."

Baba Ƙadri ya ce: "Kada ki kashe, ɗiyata. Faɗa mani yadda za ki faɗa mata. Kada ki rage komai."

Ta faɗa mashi duka, tambayar da aka yi mata, da wadda ta kusa kayar da ita, da abin da shugaban malaman ya ce. Ya saurara har ta ƙare. Sa'an nan ya ce: "Alhamdu lillahi. Sun nuna maki kurakurai?" Ta ce e, kaɗan. Ya ce: "To ki gyara su tukuna, kin san halinta. In kin gyara ki kawo kwafi guda, na share mashi wuri bisa kantar littattafai."

Jummai tana cikin gida tare da iyayenmu mata. Ta gyara, ta kawo. In an shafa fatiha, Baba da kansa zai buɗe mangaza ta ajiye shi, kuma ya ce in shaida maku daga yau ƙofar ba za ta koma rufe ba. Mu tsofaffin ɗalibai mun raba kwanaki tsakaninmu, masu bak na bana su zo ranar Asabar da safe.

Muna godiya ga Mai Martaba da hukuma, da malamanmu, da duk wanda ya baro gonarsa ko garkensa ko ofishinsa ya zo. Muna godiya ga direbobi da ƴan kabu-kabu da suka yi ta ɗaukar saƙonta ba su taɓa cewa sun gaji ba. Allah shi maida kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, baiwarka Hamida ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yafe kurakuranta, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ta yi wa hidima ya zama sadaka mai gudana gare ta. Ka ba Alhaji Ƙadri da Rahma da dangi haƙurin rashinta. Mu da ta bari, ka ba mu ikon riƙe amana, ka kyautata namu ƙarshen. Ya Allah, ni ban ga tsufanta ba a duniya. Ka haɗa mu a Aljanna, ka buɗe mani ido in gan ta.

Allah gafarta Malam Liman, a yi mana fatiha.