Jikina Ya Karɓi Ƙodar Yayana

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai rai. Ni ce Rahila, mai ɗinki a nan Tasawa. Wasunku sun gan ni sa'ad da ƙafafuna suka kumbura, ko keken ɗinki ban iya takawa. Ƙodojina duka biyu sun daina aiki, sai wankin jini kawai ya riƙe ni.

Yayana Idi manomi ne a Atantane. Musulmi ne, tun da na bi Almasihu ba mu cika zumunci ba. Amma da ya ji, ya bar gonar wakensa ya taho ya ce, "Ƙanwata, nono ɗaya muka sha. A ciri tawa guda."

A wata ƙasa aka yi dashen. Idi ya warke ya koma gida, ni kuwa sai zazzaɓi, fitsari ya ragu. Lokotoro, wato likita, ya ce, "Madam, jikinki yana yaƙi da ƙodar, ya ɗauke ta baƙuwa."

Wayyo! An yanka mutum lafiyayye saboda ni, jikina kuma ya ƙi kyautar? Kunya ta hana ni ɗaukar kiran Idi. Na juya fuskata ga bango na ce, "Ya Yesu, ko ba don ni ba, kada wahalar yayana ta tafi a banza."

Da aka kwantar da zazzaɓin, lokotoro ya zo da wata shawara. Ya ce cikin garkuwar jiki ba mayaƙa kaɗai ke akwai ba, akwai wasu ƙananan sinadarai da aikinsu shi ne su ce wa mayaƙan su dakata. Masana sun kwaikwayi ɗayansu sun yi magani da ake sawa ta ƙarin ruwa. Na ce, "Ashe Mahalicci ya riga ya ajiye mai rabon faɗa a cikina!"

Aka fara mini. Kumburi ya saɓe, gwajin jini ya yi kyau. Halleluya!

Na kira Idi ina kuka. Ya yi dariya ya ce, "Alhamdu lillahi. Ai ƙodar manomi ce, ba ta gudun aiki."

Har yau ina karɓar maganina, ba na wasa da ranar awo. Ku taya ni gode wa Ubangiji. Mai ciwo a cikinmu, kada ka fid da zuciya, wanda ya gina jikinka ya san cikinsa. Amin.