Katin Taibatu

A tashar Talata Mafara motar Maradun ta ƙi cika. Dattijo Jatau, manomin Tsibiri, yana zaune kusa da wani ɗan jam'iyya, irin waɗanda ba a tambayarsu suke ba da labari.

"Baba, ba ranar zaɓe aka cin zaɓen shugaban ƙasa ba," in ji mutumin. "Ƙauyen da munka san ba namu ba ne, sai mu bi gida gida da taki. Kowane katin zaɓe, tiya biyar."

"Ku jefa ƙuri'a da su?"

"Ina! Na'ura ba ta karɓar yatsan wani. Mu dai kada masu katin su hito."

Jatau ya dubi ƙasa. "Ni biyu na bayar, nawa da na mai ɗakina, Taibatu. Lokacin ko arba'in ba ta yi da rasuwa ba. Albasa na son taki, na ce ai Taibatu ta gama da katin."

"Allah shi jiƙanta. To ai ba ka yi asara ba."

"An ce za a maido bayan zaɓe. Ɗana, mi kunka yi da su? Ba ƙuri'a nika nema ba. Hotonta na jiki, kuma ba ni da wani."

Mutumin ya kawar da kai. "Buhu guda ne, Baba. Cikin ruwan dam ɗin Bakolori munka zuba su."

Jatau ya tambaya a hankali, "Ta wane gefe?"