Gambun Inna a Bayan Mota

Kuɗin da na bar Barmu da su, akuya ce. Ku daina dariya, akuyar Inna ce, ja, wadda ke ba mu nonon fura. Shekara guda bayan an ɗaga tutar 'yancin kai labari ya iso mana cewa Yamai gini ake yi ta ko'ina, duk mai ƙarfi yana samun aiki. Ni kuwa ƙarfin kaɗai gare ni. Inna ta ja akuyar da kanta zuwa kasuwa, ta dawo ta ƙulle mini kuɗin a bakin zane.

Ta ce, "Nomau, ban ce ka maido min akuya ba. Gambu nika so."

Na ce, "Wane irin gambu, Inna?"

"Ƙyauren ƙarhe, mai makulli, irin wanda nig gani Tawa gidan Kumandan. Na gaji. Kowace shekara in ɗaura na kara, awakin mutane su cinye min ƙohwar ɗaki."

Ku yanzu kowane ɗaki da ƙyaurensa, ba za ku gane ba. A lokacin, Barmu duka babu ƙyauren ƙarfe ko ɗaya. Itacen kirki ma ina muka gan shi a Adar? Na yi mata alkawari, na hau bayan mota bisa buhunan albasa.

Yamai kuwa, ranar da na ga kogi na tsaya baki buɗe har wani mai keke ya zage ni da Zabarmanci. Na samu aikin lebura wurin wani magini ɗan Dahomai, muna ce masa patoro, wato maigida. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya hutawa. In ka ɗauko siminti ya ce "bit, bit," wai ka yi sauri. In ka yi sauri ka zubar ya ce "dusuma," wai a hankali. Na taɓa ce masa ya zaɓi guda, ya cire mini ladan yini. Shekaru sunka tafi, na koma gida na ɗauko matata Hajo, ta kafa tukunyar tuwo a bakin tasha, muka samu 'ya'ya biyu.

Gambun nan na same shi ne da anka ba mu rushe wani tsohon ofishin Nasara. Kore ne shar, da firam ɗinsa na ƙarfe, da makulli mai nauyi. Sai ƙarti uku ke ɗaga shi. Na roƙi patoro ya sayar mini, ya yi ta cira daga albashina har na biya. Na jingine shi cikin ɗakin hayarmu, sai ga uwar gidan haya, wata Bazabarma mai faɗa.

"Wannan na ɗakina ne?"

"Na uwata ne."

"Duk ƙarfen da ya shigo gidana, na gida ne."

"To, wuƙata ma ƙarfe ce, a ba ki?"

Ta ƙara mini kuɗin haya a wannan watan, wai gambun ma ɗan haya ne.

To, ga inda labarin yake. Saƙo ya zo cewa idon Inna ya fara rauni. Na ce da Hajo mu tattara, ina so ta ga koren gambun nan da idonta tun tana gani. Dā na taɓa kallon yadda patoro ya yi da zai kwashe iyalinsa zuwa Maraɗi. Su 'yan birni ba su cewa ƙaura, sai "demenajima." Duk wannan dogon suna, ɗaure tabarma ne da tukwane. Ya kira masu mota uku, kowa ya dubi kaya ya faɗi kuɗinsa, wai shi ne "dabi," sa'an nan ya zaɓa. Abin ya burge ni ƙwarai. Na ce ni ma ɗan birni ne yanzu, sai na yi dabi.

Na jera kayana a tsakar gida: gadon ƙarfe, akwatuna biyu, tukwanen Hajo, keken ɗinki, ga gambu a jingine. Jikka takwas na tara don hanya, ba ni da ko dala a kansu.

Na farko wani saurayin direba ne, Sumaila, da tabarau baƙi da sabuwar mota. Ya kalli kayan da wutsiyar ido, ya ce jikka huɗu, amma a ba shi biyu tun yanzu, wai "abansi." Na biyu kamfani ne, na je ofishinsu, wani akawu ya ce su ba su duba kaya, awo suke yi da kilo. Ya ƙiyasta jikka shida, kuma a magazansu na Tawa, wato ɗakin ajiyarsu, za su sauke, daga nan in san yadda zan yi. Na uku wani tsoho ne, Arzika, mutumin Ƙonni, motarsa duk tari take yi. Shi bai ma dubi kayan sosai ba, ni ya tsaya yana kallo.

"Kai ɗan ina na?"

"Barmu."

"Adarawa nawa sunka san kana tahiya gida?"

"Ba kowa. Ina ruwan wanga da kuɗɗin mota?"

Ya juya wajen Hajo. "Ɗiyata, kin hwaɗa ma wani?"

Hajo ta sunkuyar da kai. "Mace guda, Baba, wurin pampo."

Ya ce, "Jikka takwas, rabin mota, har ƙohwar gidanku."

Raina ya ɓaci. Na ce rabin mota na mene, ni ba sarki ba? Na raka shi ƙofa ina cewa a zuci wannan tsoho ɓarawo ne da rana tsaka. Na tafi na ba Sumaila jikka biyu, na dawo ina taƙama ina gaya wa Hajo na ci ribar rabi. Kuma har yau ban yarda lissafina ya karkace ba, huɗu dai ta fi takwas sauƙi.

Kai mai wayar nan, aje ta ka ji, ku da kuke tura kuɗi da yatsa. A zamaninmu in ɗan Adar zai tafi gida, shi ne gidan waya. Duk wanda ya ji, zai kawo saƙo. Ba a ƙi, kuma ba a karɓar ko dala. Kai ma da naka saƙon haka wasu sunka ɗauka shekara da shekaru. Na san wannan sarai, amma ni a tunanina ɗan ƙullin sukari ne da shayi, irin wanda ake ba mai tafiya da jaka. Na manta cewa an ji Nomau mota zai ɗauka.

Ranar tafiya muka isa tasha da hantsi, sai na hango taro. Na ɗauka wani babba ake rakiya. Ashe ni ake jira. Masu ga-ruwa, masu gadi, mahauta, 'yan dako, duk ɗan Adar da ke Yamai. Wannan da buhun shinkafa, wancan da keke, wani da fallayen kwano, wani da lefen ƙanensa, wata da tasoshi a ɗaure kamar hasumiya. Kowa na kiran sunan garinsu: wannan Badagishiri, wannan Tawa, wannan a ba masu raƙuman Takanamat. Wallahi na ji daɗi, kaina ya kumbura, sai gaisawa nake yi hannu bibbiyu. Ban farga ba sai da Sumaila ya cire tabarau.

"Wannan duk naka ne?"

"Saƙo ne."

"Ni abin da na gani na yi wa kuɗi. Wannan jikka goma."

"Ba ni da goma."

"To, zaɓi. Ko kayan mutane su zauna, ko naka. Ƙyauren nan ma shi ya fi cin wuri, in an kwantar da shi ya cinye mini ƙasan mota."

"To ba ni biyuna."

"Abansi ba ya dawowa, tambayi kowa."

Na tambaya, anka ce gaskiyarsa. Na dubi taron, ga wani tsohon mai gadi riƙe da turmin atamfa na 'yarsa, shi ne ya taɓa kai wa Inna magani har ɗaki lokacin da ta kwanta ciwo. Da wane baki zan ce masa ya koma da kayansa? Na dubi gambu, ga uwar gidan haya ta biyo mu tasha, ta tsaya kusa da shi tana shafawa, tana cewa in bar mata ajiya. Hawaye sunka cika mini ido, ban ɓoye muku ba.

Hajo ce ta taɓa ni, ta nuna can ƙarshen tasha. Arzika na zaune gindin motarsa yana cin goro, ya gama lodin siminti, rabin bodin a buɗe. Na ja ƙafa na je.

Ya ce, "Mace guda wurin pampo, ko?"

Na ce, "Baba, ka yi min rai. Jikka shida ag gare ni."

"Takwas nic ce."

Ya tashi dai ya zo ya zagaya tulin kayan, ya tsaya gaban gambu, ya ƙwanƙwasa shi, ya auna faɗinsa da taƙi. Sa'an nan ya ja ni bayan motarsa. Katakon da ke tare bayan bodi ya karye masa a tafiyar da ta wuce, igiya kawai ya zarga.

Ya ce, "Cikin takwas ɗin nan, biyu na makwancin gambunka ne. In ya yarda ya tsaya nan baya ya tare min kaya, ya zama aparantina. Ni ba ni amsar kuɗɗi ga yaron mota. Amma zai sha duka, hanya ba ta da kyau."

Kafin in ba da amsa Adarawa sun ɗaga gambu sama. Anka tsayar da shi da firam ɗinsa a bayan bodi, anka cike gefe da katako, anka ɗaure da igiya da waya. Kaya sunka shige tsaf, nawa da na mutane, ko tsinke ba a bari ba. Na murɗa makulli na kulle mota, na rataya shi a wuya. Tasha duka ta ɗauki shewa. Hajo da yara sunka shiga gaba, ni na haye can bisa kaya na riƙe igiyar gambu da hannu biyu.

Wannan tafiya ba zan manta da ita ba. Hanyar jar ƙasa ce mai gargada, mota na rawa, haƙorana na kaɗawa, kaya na dukan gambu daga ciki. Duk ramin da muka faɗa sai in leƙa in ga ko yana nan. Amma daɗi fa. A Doso yara sunka bi mu da gudu, wai ga ɗaki na tafiya. A Dogon Dutsi wani dattijo ya zo ya tsaya bayan mota ya yi sallama, ya ce ko masu gida na ciki. Daga Badagishiri kuwa aiki ya fara. Mu tsaya, in diro, in buɗe da makulli, in kira suna. Mata na guɗa, ana miƙo mana fura da ƙwai, wata tsohuwa ta karɓi zanen da ɗanta ya aiko ta rungume ni kamar ni ne shi. A Tawa muka sauke siminti da saƙon Takanamat, muka miƙe arewa cikin duwatsu.

Mun shiga Barmu da la'asar, gari duka ya biyo mu har ƙofar gida. Da anka kwance gambu anka jingine shi jikin katanga, sai na dube shi da kyau. Ya lotsa a tsakiya, waya ta ci gefensa, koren nan duk ya koma ja da ƙasar hanya. Na sa rigata ina gogewa da sauri, sai ga Inna ta fito tana dogara sanda. Ta tsufa ƙwarai. Ko kallona ba ta yi ba, ta wuce wurin gambu. Ta kai fuskarta dab da inda na goge, ta daɗe.

Ta ce, "Kore na."

Na ce, "Kore na, Inna. Ki yi haƙuri, ya ji ciwo hanya."

Ta shafa lotsawar, ta miƙo hannu, na ciro makulli daga wuyana na ba ta. Ta murɗa, ta ji ƙarar, ta sake murɗawa. Daga ranar makullin nan bai bar wuyanta ba har ta koma ga Allah. Gambun yana nan ɗakin da muke zuba hatsi, in kun tashi ku je ku taɓa lotsawar.

Ta tambaye ni, "Nawa anka ɗauko shi tun daga Yamai?"

Na ce, "Ko dala, Inna. Aiki yay yi ma mai mota, shi yab biya ma kainai."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, ga jama'a cike da gida.

Ta ce, "To, ya hi ka. Kai sai da nis sai da akuya."